Yadda Muka Wanke Kwata

Ni mai wanke tumbi ce. Tun ina da goyon fari nake yi, a wata tsohuwar kwata da ke gefen Kafanchan, can gangaren rafi. Mahauta su yanka, su feɗe, su turo mana kayan ciki a baro. Mu mata mu zazzage kashin, mu juya hanji, mu kankare tumbi da ruwan zafi har ya yi fari. In an gama sai mu koma babbakar kai da ƙafa. Aikin ke nan. Ba shi da kyaun gani, ban kuma taɓa cewa yana da shi ba.

Lokacin da na fara babu gida a kusa. Gonakin dawa ne da ciyawa, sai hanyar shanu. Daga baya aka yi wani rikici a gari, mijina ya mutu a ciki, aka ƙone ɗakinmu. Na fito da zanen jikina da 'yata. Da ƙura ta lafa na koma kwata na tsaya a bakin daɓe. Sarkin fawa, shugaban mahauta, Musulmi ne, ni Kirista. Ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Uwar tumbi, baro na jiranki." Na gyara ɗaurin zane na kama aiki. Da wannan aikin na ciyar da yarinyar, na kai ta har ta zama malamar makaranta.

Gari ne ya biyo mu. Wani ya sayi fili a saman gangare ya kafa gida. Wani ya bi shi. Ma'aikatan da suka yi ritaya, malamai, masu kuɗin citta daga Kwoi da Kagoma. Aka gina majami'a, aka buɗe makarantar ƙananan yara. Kafin mu ankara muna tsakiyar unguwa, rafin da muke zuba ruwan wanki a ciki yana bi ta bayan katangar mutane.

Suka fara kuka. Wari, ƙuda, hayaƙin tayar da muke babbaka da ita, jini a rafi, kukan shanu ranar Lahadi ana tsakiyar sujada. Ba ƙarya suka yi ba. Duk akwai.

Wanda ya shige musu gaba tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, mutum mai magana a hankali. Ɗansa ne ya auri 'yata. Surukina ne ke nan. Bai taɓa yi mini kallon raini ba. In na je gidan duba jikokina shi da kansa yake cewa a fito mini da kujera, ya zauna mu gaisa. Ba ya tayar da zancen kwata a gabana, ni ma ba na tayarwa. Na san ƙafarsa ba ta ɗaukewa daga ofishin masu tsara gari. Ya san da asuba ina cikin kashin shanu. Haka muka zauna.

Rigimar ta daɗe. Masu tsara gari suka ce a taswirarsu wurin nan na gidajen zama ne, ba na yanka ba. Sarkin fawa ya ce ubansa ya yi yanka a kan wannan daɓen tun ba a haifi mai taswirar ba. A je, a dawo, a ce a saurara. Likitan dabbobi da ke zuwa duba nama da safe ya taɓa gaya wa Sarki a gabana, "Ƙarfinku ɗaya ne. Kun riga gidajen, kuma aikinku bai taɓa tsayawa ba. Wuri irin wannan ba a tashinsa da sauƙi." Duk mun ji. Ni ma na ji da kunnena.

Wata damina sai labari ya zo cewa kwamiti zai zo ya ga wurin da idonsa, daga nan a yanke magana. Likitan ba ya nan, an tura shi rigakafin shanu wajen Kajuru. Sarki ya tara mu a gindin mangwaro bayan an tashi aiki.

Ya ce, "To, baƙi za su zo. Manya."

Wani tsohon mahauci, mai fiɗa, ya juya ya dubi kwatar. Mu ma muka juya. Shekara da shekaru ina wurin, ranar ce na fara ganinsa yadda baƙo zai gan shi. Tsibin ƙaho da ƙashi ya fi tsayin mutum. Kashin tumbi ya yi tudu, tsutsa na motsi a gindinsa. Daɓe ya yi baƙi, ya tsattsage, jini ya daskare a tsagun. Tayoyi rabi a ƙone. Ungulu jere a kan rumfa. Karnuka.

Tsohon ya ce, "Sarki, a nan za ka tarbi mutane?"

Wata abokiyar aikina ta ce, "Kai ma ai sai an haɗa da kai a wanke."

Ya ce, "Ke fa? In aka jiƙa ki yau, sai Kirsimeti ki fita."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa kunya yake ji. Ni tawa ta fi ta kowa, don na san surukina zai tsaya a wurin tare da baƙin, ya ga inda uwar matar ɗansa take durƙuso.

A wurinmu in baƙo zai zo, shara ake yi. A ɓoye tsumma, a kai tukunya mai baƙi bayan ɗaki, a ɗaure akuya nesa. Musulminmu da Kiristanmu duk haka aka rene mu. Ba wanda ya kawo wata shawara. Aka ce a wanke kwata. Aka ce kuma tunda yankan safiya ɗaya ya isa ya mayar da ita yadda take, kada a sake yanka a kan daɓe sai baƙi sun zo sun tafi. Kowane mahauci ya yi yankansa a bayan gidansa, a kai kasuwa daga can.

Mun yi aiki kamar jakuna. Aka kawo tifa ta kwashe ƙaho. Manoma suka zo suka ɗebe kashin a kyauta, suna murna. Muka goge daɓe da toka da yashi da sabulu har gwiwata ta fashe. Aka kira magini ya cike tsagu. Aka shafa farar ƙasa a ginshiƙai, a rumfa, har gindin mangwaro. Aka kai tayoyi wani kango aka rufe da ciyawa. Muka shiga rafi muka tsince duk abin da ya maƙale a duwatsu. Da muka gama na tsaya na duba, raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, yanzu kowa ya zo.

Ranar da aka sa, ba su zo ba. Aka ce shugabar kwamitin ta yi tafiya. Aka sa wata rana, aka ce mota ta lalace. Muka je wurin Sarki muka ce ko a koma aiki.

Ya ce, "In mun zubar da jini yau suka faɗo gobe fa? Wahalar da muka sha ta tafi a banza? A ƙara haƙuri."

Muka ƙara. Ni ina wanke tumbi a bayan gidan Sarki da ruwan rijiya, a tsugune tsakanin bango da kejin kaji. Matansa suna toshe hanci suna yi mini sannu.

Ruwa kuwa bai fasa sauka ba. Ƙasar da ta sha jini da kashi tun zamanin iyaye ba ta jiran a roƙe ta. Alayyafo ya fito kewaye da daɓe, ganye kamar tafin hannu. Kabewa ta yaɗo daga inda tudun kashi yake, ta hau matakala. Ungulu suka gaji da jira suka watse. Yaran unguwa suka mayar da daɓen filin ƙwallo. Matan unguwa suka fara shanya a kan ƙarafan da muke rataye nama. Mun gani, mun ji daɗi ma. Muka ce ga shi har maƙwabta sun saki jiki da wurin, baƙi za su yaba. Alayyafon kuwa Sarki ya hana a cire. Ya ce kore yana ƙara wa wuri kyau.

Da aka tabbatar da zuwansu, 'yata ta zo ɗakina da leda a hannu. Leshinta ne na zuwa biki, da gwaggwaro.

Ta ce, "Mama, ki sa wannan. Baban mijina zai kasance a wurin."

Na ce, "Ina da zanen zumuntar matan majami'a."

Ta ce, "Ya koɗe, Mama. Don Allah."

Na karɓa. Da safe na yi wanka da lemon tsami, na sake yi. Na goge farce da tsinke. 'Yata ta fesa mini turarenta a wuya da hammata, ta ɗaura mini gwaggwaron da kanta. Ban gane kaina a madubi ba.

A kwata na tarar da mahauta cikin manyan riguna, sun sha guga. Tsohon mai fiɗa har da hula sabuwa. An kafa rumfar haya, an jera kujeru, an kawo kunun zaƙi a jarka. Mutanen unguwa suna gefe guda, surukina a gabansu da sandarsa. Na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Surukata, kin yi kyau yau. Tashi, tashi."

Baƙin suka iso da hantsi. Mace ce shugabarsu, ba ta girmi 'yata da yawa ba, da takalmin roba mai tsawo a ƙafarta. Ta shirya shiga jini. Tare da ita akwai wani saurayi riƙe da taswira a naɗe, da duba-gari cikin kakinsa. Ta sauko daga mota ta tsaya tana dube-dube.

Ta ce, "Ina kwatar?"

Sarki ya ce, "Ga ta nan, ranki ya daɗe. Kina tsaye a kanta."

Ta dubi daɓe. Ta dubi zanen wata mata da ke shanye a ƙarfen rataya, an manta ba a kwashe ba. Ta taka zuwa matakala ta ɗaga ganyen kabewa da ƙafa. Akwai 'yar kabewa a ƙasa, ta kai dunƙulen hannu.

"Baba, yaushe rabon da a yanka dabba a nan?"

"Kullum muna aiki, ranki ya daɗe."

Ta tsinko alayyafo ta ɗaga. "Wannan da safen nan ya tsiro, bayan kun tashi?"

Mutanen unguwa suka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Madam, miya muke yi da shi!"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce an gaya mata tsohuwar kwata ce mai aiki, shi ya sa maganar ta yi wuya, don ba a tashin mutane daga sana'ar da suke kai tun kafin a yi unguwa sai da dalili mai ƙarfi. Ta ce amma wurin da masu shi suka bari da kansu, magana ta ƙare, ya koma abin da taswira ta ce. Ta ce, "Ni abin da na gani zan faɗa. Ban ga jini ba, ban ga ƙuda ba, ko ungulu ban gani ba. Na ga lambu."

Mahauta suna kallon ƙasa cikin manyan rigunansu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni ba mai magana a taro ba ce.

Na ce, "Ni a nan nake aiki."

Ta juyo. Ta dube ni daga gwaggwaro har takalmi.

"Mama, ke? Wane aiki?"

"Wankin tumbi."

"Da wannan leshin?"

Aka sake dariya. Na miƙa mata hannuwana. Ta duba, ta ce hannun duk wata mai noma haka yake. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba. Ta matso kusa da ni, na ga hancinta ya motsa. Turaren 'yata ta ji. Ta ce, "Mama, zauna. Na san an roƙe ku ku zo ku cika wuri."

Ina tsaye. Ban zauna ba. Sai na ji sandar surukina ta taɓa daɓe.

Ya ce wa shugabar, "'Yata, ki yi haƙuri in sa baki. Ni ne na kawo ƙarar nan, amma ba zan tsaya a mai da dattijuwa maƙaryaciya a gabana ba. Matar nan surukata ce. Gaskiya ta faɗa. A nan take aiki, kuma aikin bai tsaya ba."

Na ji sanyi a raina. Na ɗaga kai na dube shi.

Shugabar ta ce, "Baba, ta yaya ka sani?"

Ya ce, "Ko makon jiya ta zo gidana. Ba sai an gaya mini daga inda ta fito ba. Tun tana bakin ƙofa muke sani. Akwai kujerar roba da muka ware mata, don kushin yana riƙe abin. In ta tafi sai a wanke kujerar a bar ta a rana. Jikokin ma in ta goya su sai an canza musu kaya. Ba laifinta ba ne, aikin ne. To in mutum ɗaya ya shigo da shi haka, ki auna mu da muke kwana muna tashi a gefensa."

A hankali ya yi maganar, yadda yake yin addu'a a majami'a. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na san kujerar. Shuɗiya ce, mai hannu. Kullum ita ake fito mini da ita, a ajiye a baranda wajen iska. Na ɗauka girmamawa ce. Har na taɓa yi wa abokan aikina alfahari cewa a gidan surukaina ina da kujerata. Suna nan zaune a bayana, sun ji.

Na nemi 'yata da ido. Tana can bayan matan unguwa, ta sunkuyar da kai tana gyara wa ƙaramin ɗanta maɓalli. Maɓallin a rufe yake.

Na zauna. Leshin yana cizon jikina. Na ji gumi yana gangarowa ta ƙarƙashin gwaggwaro, na kama tunanin ko yanzu ma suna ji, ko turaren ya gudu. Na matse hannuwana a cinya. An ƙone mini ɗaki na tsaya da ƙafata, na binne miji ban faɗi ba. Ranar nan na so daɓen ya tsage in shige.

Duba-gari ne ya yi magana bayan haka.

Ya ce, "To, Sarki. In aiki bai tsaya ba, kuma ba a nan ake yi ba, naman da ke kasuwa a ina ake yanka shi? Wa yake duba shi?"

Tsohon mai fiɗa ya cire sabuwar hularsa ya riƙe a hannu.

Sarki ya ce, "A gida, ranka ya daɗe. Na ɗan lokaci ne. Don mu tarbe ku a wuri mai tsabta."

Shugabar ta dube shi. Ta ce, "Baba, da kun bar mini shi yadda yake." Ta juya wurin mota. Ba wanda ya taɓa kunun.

Hukuncin bai jima ba. Aka ce kwata ta tashi, an ba da fili can bayan gari. Aka ci mahauta tara saboda yankan gida. Da likitan dabbobi ya dawo ya ji labari, ya zo ya tsaya a kan daɓen yana kallon kabewa. Bai zage mu ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na wanke leshin, na shanya shi ya yini a rana, na sake wankewa, na ba wata maƙwabciya ta kai wa 'yata. Washegari 'yar tawa ta zo da kanta. Ta tsaya a ƙofa.

Ta ce, "Mama, ba ni na fara abin kujerar ba."

Na ce, "Ban tambaye ki ba."

"Na rasa yadda zan gaya miki ne."

"Kin ci abinci?"

Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi, na zuba mata tuwo.

Surukina ma ya zo, da doya a bayan acaɓa. Ya ce shi taimakona ya yi niyya, bai so a ce na yi ƙarya ba. Na san haka ne. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka." Ban ce ya shigo ba, shi ma bai nema ba. Muka gaisa a tsaye a waje ya tafi.

An ba mu wa'adi kafin tashi, muka koma yanka a daɓen. Safiyar farko jini ya fantsama a farar ƙasa, ya fito ja fiye da yadda na taɓa ganinsa. Ba wanda ya ɗauki tsintsiya. Ba a yi raha ba kuma. Kowa ya yi aikinsa ya tafi, har ranar da aka zo aka kafa duwatsun iyaka aka zagaye wurin da waya.

Sabuwar kwatar tana da nisa. Sarki bai bi ta ba, ya ce ƙafarsa ta gaji, ya bar wa ɗansa wuƙa. Can akwai famfo da tiyo, samari ne ke wanke kayan ciki, suna gamawa kafin in juya hanji ɗaya. An ba ni gefe wajen babbaka. Ina zuwa ranar da aka yi yanka da yawa. Sauran ranaku ina kankarar citta a wani sito, tare da matan da ba su san aikin da na yi a da ba, ni kuma ban gaya musu ba.

An ce an yanka tsohon wurin fuloti-fuloti, har an fara zuba bulo. Ban je na gani ba. Hanyar gidan 'yata ta nan ta bi, don haka yanzu ita ce take kawo mini yaran.